Amsa Ga Ɗana Kan Motar Aro Da Ƙarfinta Ya Ragu A Hannunsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya iso gare ni kuma na karanta shi a natse. Ka ce wani abokinka ya ba ka aron motarsa ta rimot, irin ƙananan nan da ake ƙerawa musamman domin hawan duwatsu, ka tafi da ita wajen marmarar da ke bayan gari, ta yi aiki lafiya da farko, daga baya ƙarfinta ya ragu, tana isa gindin dutse sai ta tsaya tana kuka, injinta ya yi zafin da ba ya taɓuwa, har ka ji ɗan wari yana tashi. Ka ce shawara biyu ke kai da komo a ranka: ko dai ka mayar masa da ita yadda take ka ja bakinka ka yi shiru tunda har yanzu tana tafiya a kan daɓe, ko kuma ka sayo sabon inji a ɓoye ka sa mata, ka kai masa ba tare da ya san an taɓa buɗe ta ba. Daga nan ka tambaye ni abin da al'adarmu ta tanada idan kayan aro suka sami matsala a hannun wanda ya ara.

Babu ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu da al'ada ta yarda da ita. Ta farko ha'inci ce tsagwaronta, ba sai na tsaya ɓata baki a kanta ba. Ta biyu kuwa tana da kamannin mutunci, shi ya sa samari da yawa ke faɗawa cikinta, amma ita ma shiga haƙƙin mai abu ce, domin izinin tuƙawa ya ba ka, bai ba ka izinin kwance ko da kusa ɗaya ba. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka taka da ƙafarka ka je ka same shi, ba ta hanyar aike ba, ba ta saƙon waya ba, ka faɗa masa abin da ya faru tun kafin hannunka ya kai ga sukudireba.

Aro daɗaɗɗen abu ne a garin nan. Mun tashi mun tarar ana aron jaki domin kai taki gona, ana aron garma, ana aron manyan tukwane idan biki ya taso, daga baya keke ya shigo sahu. Ƙa'idojinsa sanannu ne ko da yake ba a rubuce suke ba. Ba a ba wani aron abin da aka aro, ba a wuce aikin da aka ambata lokacin karɓa, kuma wanda ya ara shi ke mayarwa da hannunsa, da rana tsaka, abin yana wanke. Idan kuwa wani abu ya same shi, dattawa ba su tsayawa a kan tambayar a hannun wa ya lalace kawai, sai sun bincika me ya lalata shi. Tukunyar da gindinta ya riga ya cinye saboda shekaru, ta zo ta huje ranar bikinku, hukuncinta daban yake da na wadda yaranku suka saki ta faɗo daga kan amalanke.

Wannan ba ya rasa nasaba da abin da muka karanta a zaure. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi a Sakkwato ya bi ta kanta, an raba kayan aro gida biyu. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, wanda lamuninsa ke wuyan mai aro, akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, wanda ba a ɗora masa lamuninsa sai idan ya ƙetare iyaka. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara bayani cewa ko a kashi na farko mai aro yana kuɓuta idan aka sami shaidar cewa abin ya lalace ba da sakacinsa ba, sukan kawo misali da gatarin da ya karye alhali an ga mutum yana sara da shi yadda aka saba sara. Haka nan wanda ya ari dabba domin wani kaya, ya ƙara mata abin da ya fi ƙarfinta har ta halaka, to biya ya kama shi. Motar abokinka ƙaramar aba ce da ake sakawa a jaka, saboda haka tana cikin kashi na farko, nauyin kawo hujja yana kanka ke nan. Ka ga dalilin da ya sa buɗe ta a ɓoye zai cuce ka kafin ya cuci kowa, domin hujjarka tana cikin injin nan, da zarar ka cire shi ka jefar, ka jefar da shaidar da za ta iya wanke ka.

Saboda haka sai a binciki motar a gaban mai ita. Shekarun da na yi ina naɗin kwayil na fanka da injin ban ruwa sun koya mini cewa inji shi ne abin da ake fara zargi, alhali sau da yawa laifin yana wani wuri, shi dai a jikinsa ne alamar ke bayyana. Kada ku fara da shi. Ku fara da batir.

Yawancin motocin nan suna aiki da batirin da ake kira LiPo, kuma za ka ga an rubuta 2S ko 3S a jikinsa, wato yawan ɗakunan da aka jera a ciki. Kowane ɗaki yana ba da volt 3.7 a matsakaicin hali, idan ya cika ya kai 4.2, don haka 2S cikakke zai nuna 8.4 a mitar auna wuta, 3S kuma 12.6. Ku auna kowane ɗaki shi kaɗai ta ƙaramin soket ɗin nan mai siraran wayoyi, domin jimilla tana iya ɓoye ɗakin da ya mutu. Idan ɗaya yana nuna 4.1 ɗan'uwansa yana nuna 3.6, to kun sami mai laifi. Sai dai batirin da ya tsufa yakan nuna cikakkiyar lamba yana zaune, da an ɗora masa nauyi sai wutarsa ta zube, ita kuwa na'urar da ke tsakanin batir da inji, wadda ake rubuta ESC a jikinta, an tsara ta ne ta rage ƙarfi ko ta yanke wuta idan ɗaki ya sauko wajen volt 3.2 zuwa 3.0, domin ta kare batirin. Wannan kaɗai yana iya haifar da abin da ka gani, mota ta yi tafiya a fili amma ta kasa hawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ku sa wani batir mai lafiya irin nata ku gwada. Ku duba kuma ko ya kumbura, domin zafin garin nan ba ya raga wa irin wannan batir, musamman idan aka bar shi a cikin mota ko a rana. Batirin da ya kumbura ba a sake cajinsa, ba a kuma huda shi, saboda yana iya kamawa da wuta. A nan hukuncin a bayyane yake. Idan tsufa ne ya ci shi, ba naka ba ne. Idan kai ka shanya shi a rana, ko ka tsotse shi har ya sauka ƙasa da volt 3 a ɗaki, to naka ne.

Akwai tambayar da ba ka amsa ba a saƙonka, kuma ina son ka amsa ta tsakaninka da Allah kafin ka je wurinsa: da batirinsa ka yi aiki ko da wani? Na san halin samari, wani zai ce maka sa 3S ka ga gudu. Idan motar an shirya ta a kan 2S, ka sa mata 3S, ka ƙara mata rabin wutar da ta saba sha ke nan, kuma wannan shi ne ainihin ƙara wa dabbar aro kayan da ba a ambata ba.

Daga batir sai ku bi wayoyi da yatsa bayan motar ta ɗan yi aiki. Duk mahaɗar da ta fi sauran zafi, ko robarta ta narke, ko dalmarta ta yi duhu ta tsage, a nan wuta ke maƙalewa. Rimot da ESC ba za su ci muku lokaci ba. Ku tabbata ba a murɗa maɓallin da ke rage totur ba, domin hannu yakan taɓa shi ba da sani ba. Wasu kamfanoni, irin su Traxxas, suna sa wa na'urarsu tsarin koyon tuƙi wanda ke ba da rabin ƙarfi kawai, kuma ana iya shiga cikinsa ta hanyar danna maɓalli ba daidai ba lokacin kunnawa. Ku duba ko an saita ta a kan irin batirin da ke ciki, domin tsohon samfurin batir na NiMH, mai volt 1.2 a kowane ɗaki, saitinsa daban ne da na LiPo. Idan kuma motar tana ɗaukewa ne daidai lokacin da ka murɗa sitiyari taya na jingine da dutse, to ƙaramin injin sitiyarin ne ke jan wutar da ta fi ƙarfin abin da ake ba shi, babban injin ba shi da laifi.

Inda nake son ku daɗe shi ne tsakanin inji da tayoyi. Ku buɗe murfin giya, za ku ga ƙaramar giya a kan sandar inji tana cizon wata babba. Ku sassauta kusoshin da ke riƙe da injin ku ja shi baya har haƙoran su rabu, sannan ku ɗora motar a kan daɓe ku tura ta da hannu. Mota mai lafiya za ta gangara sumul. Idan kuka ji tana turjewa, ko tana tafiya tana cijewa a wuri ɗaya duk zagaye, to wani abu ne ke riƙe ta, kuma injin ya daɗe yana kokawa da wannan abin ba da dutse ba. Ku cire tayoyin ɗaya bayan ɗaya ku leƙa bayansu. A ƙasarmu abin da aka fi samu a nan shi ne zaren buhu, da gashin kitso, da yagaggiyar leda, sun nannaɗe sanda sun shige har cikin boris sun ƙulle tamau, sai an sa tsinin allura ko reza an yanyanka su kafin su fito. Boris ɗin kansa ku juya shi tsakanin yatsu biyu. Idan kuka ji yana ƙaras-ƙaras kamar da tsakuwa a ciki, yashi ya shige shi, kuma ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris takan zama abin da ke cin ƙarfe a hankali. Wanda ya bi da motar ta cikin ruwa a bakin gulbin Rima bai busar da ita ya sa mai ba, tsatsa zai tarar a nan.

Idan za ku mayar da giyoyin, ku yanki siririyar takarda ta littafin makaranta ku sa tsakanin haƙoran biyu, ku matsa injin ya danne ta, ku ɗaure kusoshi, sannan ku juya giya takardar ta fito. Ɗan sararin da ta bari shi ake bukata. Idan cizon ya yi tsanani, inji zai yi zafi yana kuka mai tsini, idan kuma ya yi sako-sako, haƙoran babbar giya za su gutsure. Ku duba ƙanƙanuwar kusar da ke riƙe ƙaramar giya, wadda dole ta zauna a kan gefen sandar da aka fafe ya yi shafal, domin idan ta kwance, inji zai riƙa juyawa da ƙarfinsa yana ihu alhali tayoyi ba su motsi. Wasu motocin kuma suna da kuloci a jikin babbar giya wanda aka yi domin ya zame idan nauyi ya yi yawa, kuma idan notinsa ya saki, zai riƙa zamewa tun kafin a kai ga nauyin. Kusa da noti da suka kwance saboda girgiza ba laifin kowa ba ne, a ɗaure su a wuce wurin. Zare da yashi kuwa, idan a hannunka suka shiga, wankewa da sayen boris naka ne, kuma abu ne mai araha da bai kai a yi musu a kansa ba.

Sai bayan duk wannan za ku waiwayi injin. Mafi yawan motocin da ake sayarwa a haɗe suna zuwa da inji mai buroshi, wanda wayoyi biyu ke shiga cikinsa, girmansa ko 540 ko 550. Kaurinsu ɗaya ne, wajen milimita 36, sai dai 550 ya fi tsawo, shi ya sa ya fi ƙarfin ja. A cikinsa akwai ameca mai naɗin waya, da maganaɗisu biyu manne a bango, da wasu ƙananan gawayi biyu da ake kira buroshi, waɗanda sifirin ke dannawa a kan wani zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga domin su isar da wuta. Lambar da za ka gani da harafin T, kamar 21T ko 35T ko 55T, yawan zagayen wayar ne a naɗin. Ƙaramar lamba tana nufin waya mai kauri, gudu mai yawa da shan wuta mai yawa. Babbar lamba kuwa tana nufin tafiya a hankali cikin natsuwa, da ƙarancin zafi, abin da hawan dutse ya fi so ke nan.

Buroshi abu ne da aka yi shi domin ya cinye, kamar yadda birkin babur ke cinyewa. Ku haska tocila ta ramukan bayan injin ku leƙa. Idan gawayin ya gajarce har sifirin ya kusa taɓa zoben, zoben kuma ya yi baƙi ya yi kwari a tsakiya, amma wayar naɗin tana nan da launinta na jan ƙarfe mai sheƙi, to tsufa ne, injin ya ci zamaninsa, ajalinsa ne kawai ya zo a hannunka. Irin wannan yakan yi tartsatsi da yawa, wani lokaci sai an ɗan tura motar kafin ta tashi. Amma idan wayar ta koma baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu, robar da ke bayan injin ta narke ko ta karkace, kuma kuka kai hanci kuka ji warin ƙonannen fenti wanda duk mai naɗin kwayil ya san shi, to zafi ne ya kashe shi, kuma zafi irin wannan a zama ɗaya yake aukuwa. Ku juya sandar da yatsa. Inji mai lafiya za ka ji yana ɗan cijewa daki-daki saboda jan maganaɗisu, ba tare da gurzawa ba. Ku girgiza ta gefe da gefe, idan tana wasa, mazauninta ya cinye. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne cewa a cikin yashi da jar ƙasa akwai ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisun kuma yana zuƙo shi ta ramukan iska, har ka ga ya taru kamar baƙin gashi a ciki yana gurzar ameca. Wannan ana fitar da shi da iska mai ƙarfi da feshin wanke kayan lantarki, sannan a ɗiga ɗigo guda na mai marar kauri a mazaunin sanda gaba da baya, a kiyaye kada ya taɓa zoben. Kada ku bi masu wankewa da fetur, domin wurin tartsatsi ne.

Yanzu bari in gaya maka yadda ake ƙona irin wannan inji, ka auna da abin da ka yi. Inji idan yana juyawa yakan haifar da wata wuta tasa da ke tunkuɗe wadda ke shigowa daga batir, shi ya sa yake shan kaɗan. Idan ya tsaya cik alhali totur yana danne, wannan kariya ta gushe, babu abin da ya rage tsakanin batir da naɗin sai ita wayar kanta, sai wuta ta kwararo ninki ba ninki. Zafin kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, gaba yake yi ya bar ta, domin idan wuta ta ninka biyu, zafi ninkawa huɗu yake yi. Ƙari a kan haka, 'yar fankar da ke cikin injin a jikin ameca take, ta tsaya tare da shi. To ka ce motar tana isa gindin dutse ta tsaya tana kuka. Idan taya ta maƙale a tsakanin duwatsu biyu, kai kuma ka ci gaba da danne totur kana jiran ta ƙwace da ƙarfin tsiya, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su gasa naɗin. Masu wannan wasa da suka ƙware, da sun ga taya ta tsaya sai su saki, su ja baya, su sake zaɓen hanya. Haka kuma idan motar mai giya biyu ce, ta gudu da ta ƙarfi, ka yi ta hawa da ta gudu, ka wahalar da injin ba gaira ba dalili.

Ka haɗa wannan da yanayin garinmu. Ƙa'idar da masu abin suka saba bi ita ce kada jikin inji ya wuce wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma wanda ba shi da ma'auni yakan ɗora yatsa, idan ya kasa riƙewa na daƙiƙa 5 sai ya tsaya motar ta huce. Waɗanda suka ƙera motocin nan a ƙasashe masu sanyi suna farawa ne daga iska mai digiri 20 ko 25. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu iskar kanta takan haura 40, dutsen da rana ta wuni tana duka kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda haka ratar da ta rage mana kaɗan ce ƙwarai. Wasan da za a yi lafiya da hantsi a cikin hunturu, idan aka yi shi da azahar a bazara sai ya ci inji. A ganina wanda ya ji zafi ya ji wari ya ci gaba, ba zai ce bai sani ba, domin abin ya yi masa gargaɗi. Idan kuwa da ka ji ka tsaya nan take, wannan yana cikin abin da zai sassauta maka.

Idan wayoyi uku masu kauri ne ke shiga injin, to marar buroshi ne, kuma bayanin gawayi bai shafe shi ba. A irinsa abin da ake fara dubawa shi ne siririyar wayar nan mai baki shida da ke gaya wa ESC inda sandar take, idan yana da ita, domin idan ta saki ko ruwa ya shige ta, motar takan riƙa kakkarwa wajen tashi. Shi ma zafi yana raunana maganaɗisunsa, kuma raunin ba ya komawa.

To idan bincike ya nuna hannunka ne, ko ta batirin da ba nata ba, ko ta danne totur, ko ta ci gaba bayan gargaɗi, sai ka biya ba tare da an tambaye ka ba, kuma ka biya da irin abin da ka ɓata. Girmansa ɗaya, lambar T ɗinsa ɗaya. Kada ka ce za ka burge shi da mai gudu, domin inji mai ƙaramar lamba yana iya fin ƙarfin na'urarsa ya ƙona ta, ka ga gyara ya zama ɓarna. Ku lura kuma da ɓangaren da yake juyawa, saboda akwai motocin da aka tsara injinsu ya juya ta hagu, kuma ana rubuta hakan a jikinsa ko a takardar motar. Sabo za ka saya ko da nasa ya tsufa, kuma ba a cewa mai abu ya cika bambancin kuɗin, wannan ƙaranta ce. Tsohon injin nasa ne, a hannunsa za ka bar shi ko da ya zama gawayi. Yawancin injinan da ke zuwa da motocin nan a rufe suke ruf, ba a yi su domin a buɗe a canja buroshi ba, kuma ladan mai naɗi zai iya kai kuɗin sabo, don haka sauyawa ta fi. Idan dai har za a kai wa mai gyara, shi mai motar ne zai zaɓi wanda ya yarda da shi, kai kuma ka biya ladan.

Idan kuwa ya tabbata tsufa ne, shari'a ba ta ɗora maka komai ba, amma al'ada ba ta sallame ka hannu rabbana ba. Abin da mutanen kirki ke yi shi ne su ce a bari su saya, ko su kawo wani abu daga cikin kuɗin, tunda sun ci moriyar abin. A nan ne nake son ka buɗe kunnenka da kyau. Abokinka Basakkwace ne, kara za ta sa ya ce maka haba, ba komai, ai ƙaddara ce, ko da kuwa abin yana ci masa rai. Wannan ba komai ta farko ba yafewa ba ce, ladabi ne, kuma wanda ya karɓe ta da sauri ya juya ya nuna bai san mutane ba. Ka sake maimaitawa, ka nuna da gaske kake. Idan laifinka ne, kada ma ka tsaya neman izini, ka sayo ka kawo ka ajiye a gabansa. Idan tsufa ne kuma ya dage har ya nuna ransa zai ɓaci in ka matsa, to ka karɓi alherinsa ka yi godiya, ka nemi wata hanya daga baya, ko da boris ne ko sabuwar ƙaramar giya, ka kai masa a matsayin kyauta ba biya ba. Kada ka bari maganar ta kai kunnen iyayenku kafin ku gama ta tsakaninku, domin da zarar manya sun shiga, kowa zai fara kare ɗansa, ƙaramin abu ya zama na gidaje biyu.

Wajen faɗa masa kuma kada ka fara da cewa dama motar tana da matsala, ko da kana zargin haka. Ka faɗi inda ka kai ta, da lokacin da ka yi wasan, da batirin da ka sa, da abin da ka yi sa'ad da ta maƙale, ka bar injin ya faɗi sauran idan an buɗe.

Kafin nan, ka cire batirin daga cikin motar yau ɗin nan, kada ya kwana a haɗe. Idan cajarsa tana da saitin ajiya, ka kai kowane ɗaki wajen volt 3.8, ka ajiye shi a inuwa a kan siminti, nesa da katifa da labule. Kada ka sake kunna motar kai kaɗai ko da gwaji ne, domin idan naɗin ya fara haɗewa yana iya jan na'urar ESC su tafi tare, ita kuwa ta fi injin tsada. Idan ba ku da mita, ku zo gida ku biyu ranar Asabar bayan la'asar, ku taho da motar da rimot da caja da duk batirin da aka sa mata, har da wanda ba nata ba idan akwai. Ka gai da mahaifiyarka.

Kawunka.